Romon da Mati Ya Nema

Tanimun yana ɗaure harawa a kan amalanke sai Delu ta leƙo ta saman danga.

"Tanimun, maƙwabcinka bai dawo ba. Tun da sanyin safiya ya ɗau baka ya hita, ga shi har an yi azahar."

Mati, mijin Delu, ya haura shekara saba'in. Shi ne Sarkin Baka na ƙauyensu, can yamma da Bazaga, ko da yake sarautar ta daɗe da zama suna kawai. Harawar nan ta kasuwar Ƙonni ce, amma Tanimun ya sauke ta dami-dami, ya kora jaki ya bi hanyar fadama.

A gindin wata aduwa ya same shi zaune, ya miƙe ƙafafu, baka a kan cinya. Bai harbi komai ba. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari.

"Sannu, Baba."

"Gwiwoyi sunka ƙi," in ji Mati. "Na zamna in huta, sai sunka ce nan za su kwana."

Tanimun ya ɗauke shi ya ɗora a amalanke. Rashin nauyinsa ya ba shi tsoro. Sun yi nisa, taya na ƙara cikin yashi, sannan tsohon ya ce, "Ran Juma'a na busa ƙaho bakin gari har sau ukku. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Kowa ya ji. Mutum biyu sunka hito. Chindo, da ba ya gani sosai, sai Yari, shi kau ya zo tambaya ne ko gobara ta tashi."

A da, in an gama girbi aka busa ƙahon nan, samarin ƙauye biyar ne ke taruwa da karnuka da gorori. Shi kansa shekara bakwai ya yi yana bin bayan Mati. Sai farin tamanin da huɗu ya ƙone daji, gonaki suka cinye abin da ya rage, shi kuma ya yi iyali ya sayi jaki. Samarin yanzu, wanda bai tafi neman aiki gidan siminti na Malbaza ba yana Ƙonni yana kabu-kabu. Waɗanda suka rage a gari, ƙwallo suke bugawa bayan lakwal, makarantar bokon garin. Ba su raina Mati ba. Suna durƙusawa su gaishe shi, su wuce.

Kashegari Badaru, autan Mati, ya iso daga Ƙonni a kan moto, wato babur, da burodi da madara da ƙwayoyin magani a leda. Ya zauna bakin gado yana riƙe da hannun uban, yana roƙon a bar shi ya kai shi likita.

"Ba ni zuwa ko'ina," in ji Mati. Ya nuna bango da haɓa, inda baka da kwarin kibau suke rataye. "In ka tashi tahiya, ka ɗauke su. Na kakanka ne."

Badaru ya dubi Tanimun da ke tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, mu huɗu muke ɗaki guda. Ina zan aje su? Kuma in bi ta gaban jandarma da baka a bayan moto?"

"Haka ne," in ji Mati. Ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar ya daina cin abinci. Fura ya ƙi, kunu ya ƙi, madarar ma kurɓa ɗaya ya yi ya ture. A rana ta huɗu Delu ta tari Tanimun a zaure, tana ta murza bakin zanenta.

"Ya yi magana yau," ta ce. "Wai romon naman daji yake so. Na rasa wanda zan gaya ma."

Tanimun ya tsaya yana lissafa mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, bai sami wanda zai fita farauta ba. Ya ce ta miƙo masa bakan.

Da hantsi ya fita. Inda ya san kurmi, ya tarar da kututture da karan gero. Ya bi rafin da ya ƙafe har ya kusa iyakar ƙasa, ƙarangiya ta cika masa wando. Sau ɗaya tak zomo ya tashi daga gindin sabara. Kafin ya ja tsirkiya har zomon ya yi nisa, kibiyar ta faɗi ƙasa ko rabin hanya ba ta kai ba, tsirkiyar kuma ta sale masa hannu. Ya zauna a kan wani tsohon suri ya daɗe. Ba gajiyar ƙafa ce ta zaunar da shi ba.

Bayan la'asar ya shigo gida hannu wofi. Matarsa Kyauta ta dube shi, ta dubi bakan, ta watsa tsaba a akurki, ta kamo ɗaya daga cikin zabinta. A bayan rumbu suka yanka ta, don kada a ji ta danga.

Ya kai wa Delu naman, ta dafa da ɗan yaji da daddawa. Tanimun ya tallafi bayan Mati, ita kuma ta kai masa ludayi baki. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye a hankali.

"Wagga ta ci hatsi," ya ce. "Zabon daji ba ya da wanga kitse."

Delu ta ajiye ludayin. Tanimun ya ji kunya ta rufe shi, ya buɗe baki zai ba da haƙuri, amma idon tsohon yana kan ƙafar wandonsa, inda ƙarangiya ta yi dam.

"Ashe ka hita."

"Na hita, Baba."

"Ina ka bi?"

Tanimun ya faɗa masa: fadama, rafi, sabarar da zomo ya tashi. Mati ya lumshe ido yana saurare, yana tambaya. Tsamiyar nan mai kogo tana nan? An sare. Dutsen da suke shan inuwa fa? Yana nan. Ta wane gefe ya tunkari sabarar?

"Ta gabas."

"Ka bar iska a bayanka ke nan. Hakanan kake tun kana saurayi, gaggawa." Wata 'yar dariya ta kama shi, ta koma tari. Da ya lafa ya ce wa Delu, "Ƙaro mini."

Ya shanye romon duka. Tanimun ya mayar da bakan kan ƙusarsa, ya fita.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Delu tana tankaɗe a tsakar gida, ta shiga kai wa Mati ruwa ta tarar ya cika.

An taru sosai. Samari suka zo daga Ƙonni da Malbaza, motocinsu jere a inuwar masallaci. Su suka haƙa kabarin, suka yi shi da kyau, kuma su suka yi ta karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Badaru ne ya shiga ya kwantar da ubansa.

Da aka shafa fatiha aka juyo, Badaru ya dubi yashin da ke gefen maƙabarta ya ce, da muryar wanda ya sha kuka, "A riƙa rufe wurin nan da ƙaya. Ga shi awaki suna shigowa."

Tanimun ya duba. Sawu ne ƙanana, masu tsini, sun ratsa hanya sun nufi fadama. Ya tsuguna.

"Ba akuya ba ce," ya ce. "Gada ce. Ta yau da safe."

Badaru ya riga ya yi gaba tare da masu yi masa gaisuwa. Tanimun ya zauna a tsugune, ya kare sawun guda ɗaya da tafin hannunsa, jama'a suna wucewa ta gefensa suna taka sauran.