Kifin Ranar Laraba

Da la'asar ne, ruwan da aka wuni ana yi ya koma yayyafi, gari ya yi lumshi. A hawa na biyu na wani tsohon bene, a ɗakin ƙarshe kusa da famfo, Siririya tana soya kifi.

Ɗakin ciki ɗaya ne, da 'yar kusurwar da ta mayar kicin. Akwai murhun gas mai kai biyu, da 'yar kantar ajiye kwanoni, da tagar da ke kallon bayan wani gareji. A kai ɗaya mai yana ta ƙara, a ɗayan miyar tattasai da attaruhu tana tafasa, ta yi ja wur. Yajin ya cika ɗakin har ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita baranda.

Siririya zaman kanta take yi, kowa a benen ya sani. Akwai masu ɗaukarta ta raka su liyafa ko tafiya, akwai masu zuwa ɗakin. Amma waɗanda suka daɗe tare da ita ba su da yawa, kuma girki ne ya riƙe su fiye da komai. Kowanne da ranarsa, da abincin da yake so, da farantinsa, da kofinsa, har da silifas ɗin da zai sa in ya cire takalmi. In ranar wani ta zo, kayan sauran sai su shige akwati a ƙarƙashin gado. Haka take tafiyar da aikinta, ba ta taɓa haɗa kayan wani da na wani ba.

Laraba ta Direba ce. Shi shinkafa da kifi yake so, da yajin da zai sa shi gumi yana ci yana goge fuska. Alhamis kuwa ta Mai aski ce, wani dattijo mai sanyin magana wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka yi nisa. Yana da gyambon ciki, ko ƙanshin barkono ba ya so. Dafaffen dankali yake ci da ƙwai da ɗan kabeji, mai kaɗan. Ranar da ya fara zuwa, tun kafin ya zauna ya ce mata, “Na san sana'arki, ban kuma zo in canza ki ba. Abu ɗaya nake roƙo. In na shigo, kada in ga alamar kowa. Ranar da na gani ba zan yi faɗa ba, ba dai zan ƙara hawowa benen nan ba.”

Ta riƙe masa wannan alkawari sosai. A duk masu hawo mata bene, shi kaɗai ne take jin takunsa hankalinta ya kwanta. Tana ce masa Maigida, yana ce mata Uwar ɗaki, su zauna su ci abinci rediyo yana yi a hankali.

Tana cikin juya kifin aka turo ƙofa. Mai kitso ce ta ɗakin da ke kusa, da mataji a hannu, tana murza hanci.

“Ke Siririya, kashe mu za ki yi? Ina da mace a zaune tana ta atishawa, layin kitso duk ya karkace.”

“Yi haƙuri, Yaya. Mutumin naki ne, in bai yi hawaye ba wai bai ci abinci ba.”

“Wane mutumin nawa? Allah ya tsare ni da wannan mai bakin kamar hon ɗin motarsa.” Ta leƙa tukunya, ta haɗiye yawu. “Ya canza rana ne?”

“Ina ya canza? Laraba dai, kamar kullum.”

Mai kitso ta sauke matajin, ta dube ta. “Yau fa Alhamis.”

“Yaya, bana son irin wannan wasan.”

“Wallahi Alhamis ce. Jiya Direban naki ya zo ya buga ƙofa har ya gaji, na ce masa kin yi tafiya.”

Siririya ta tsaya da cokalin suya a hannu. Tun farkon mako tana asibiti wurin mahaifiyarta da aka yi wa aikin ido. A kujera take kwana, wayarta ta mutu ba caji, dare da rana duk sun haɗe mata. Da safen nan ta dawo, ta biya kasuwa ta sayi kifi, a ranta Laraba ce.

Sai suka ji taku a matakala, a hankali, da ƙarar tsinin lema tana taɓa ƙasa.

“Shi ke nan,” in ji Mai kitso da raɗa. “Ki ce ke kika yi kwaɗayi. Ni na tafi, ba ni a ciki.”

Siririya ta shure manyan silifas ɗin Direba zuwa ƙarƙashin gado. Abin da ta samu yi ke nan. Ƙaton farantinsa shuɗi yana nan a kan tebur, da kofinsa mai hannu.

Mai aski ya yi sallama ya shigo. Ya rataye lemar a bayan ƙofa, ya cire takalmansa da suka jiƙe, ya duba inda silifas ɗinsa suka saba zama. Babu. Suna cikin akwati tare da kayan wasu, ba ta kuma isa ta jawo akwatin a gabansa ba. Sai ya tako da safa ya zauna a kujerarsa, ya yi ɗan tari.

“Uwar ɗaki, yau gobara ake yi a gidan?”

“Sannu da zuwa, Maigida. Ni ce na yi kwaɗayi, kwana biyu bakina ba daɗi. Naka yanzu zan ɗora, ba zai daɗe ba.”

Ya dubi farantin. Ya dubi kofin. Ya dubi tukunyar shinkafar da ta ishi mutum uku. Mai aski ya shekara talatin yana kallon fuskokin mutane a madubi, ba yaro ba ne. Ya mayar da idonsa kanta, ya ga yadda idanunta suka faɗa.

“A'a, kada ki wahala,” ya ce. “Kin gaji. Abin da kika dafa shi za mu ci. Zubo.”

“Da yaji fa.”

“Kaɗan zan taɓa. Tunda ke kika yi kwaɗayi, ai sai in taya ki.”

Ta gane abin da yake yi. Ya ga komai, yana dai taya ta rufewa ne. In ya ci, maganar ta zauna a kan ita ta yi kwaɗayi, ba wanda ya ga alamar kowa. Ta kuma tuna bara, da ya ɗanɗani miya a bikin wani da yake yi wa aski, ya kwanta har aka ƙara masa ruwa, ya dawo mata wuyan rigarsa yana yi masa yawa.

Ta zuba shinkafar a shuɗin farantin, ta ɗora kifi, ta zuba miyar a gefe. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya ɗebo cokali guda, jan man yana sheƙi a kai. Ya kai shi kusa da baki.

Ta riƙe masa wuyan hannu.

“Ajiye, Maigida. Ba naka ba ne.”

Ya ɗago ya dube ta.

“Ba ni na yi kwaɗayi ba. Wani na dafa wa. Farantin ma nasa ne, da kofin. Na ɗauka yau Laraba.”

Ya ajiye cokalin a hankali, ba ƙara. Ruwa yana ɗiga daga indararo yana faɗawa kan wani tsohon kwano a bayan garejin. A ɗakin Mai kitso wata ta sake yin atishawa. Ya miƙe, ya je bakin ƙofa, ya zura ƙafafunsa cikin jiƙaƙƙun takalman, ya ciro lemarsa. Siririya tana zaune inda take, ba ta roƙe shi ba. Shi ya faɗi sharaɗinsa tun farko, ita ta amsa.

Ya kama mariƙin ƙofa, amma bai murɗa ba.

“Da kin yi shiru, da na ci,” ya ce, bai juyo ba.

“Na sani.”

“Da na ci na tafi gida na sha magani. Mako mai zuwa in dawo kamar ba a yi ba.”

“Da asibiti ka kwana. Ni kuma na ƙoshi da asibiti a makon nan.”

Sai a nan ya juyo. “Wa ke asibiti?”

“Innarmu. Ido aka yi mata aiki. A can kwanakin suka ɓace mini.”

“Da sauƙi?”

“Da sauƙi. An buɗe ɗayan jiya, ta dube ni ta ce na rame, wai ba na cin abinci. Ƙanwata ta karɓe ni a jinyar.”

Ya saki mariƙin ƙofar. “Duk zaman nan da muka yi, ban san kina da mahaifiya a raye ba. Ban san kina da ƙanwa ba.”

“Kai ka ce kada ka ga alamar kowa.”

Ya daɗe a tsaye da lemar a hannu, tana ɗigar da ruwa a kan ledar ɗakin. Ya dubi ƙasa, ya shafa furfurar gemunsa. Can ya ɗaga hannu ya mayar da lemar kan ƙusa, ya sake cire takalman.

“Akwai dankali a gidan nan?”

“'Yan kaɗan. Sun ma fara tsiro.”

“Kawo su, da wuƙa. Ke buɗe taga, kafin yajin mutumin nan ya ƙarasa ni ta hanci.”

Ta buɗe tagar, iska mai sanyi ta shigo. Ta durƙusa ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, a gabansa, ta buɗe. Ya kau da kai yana kallon garejin har ta ciro farin farantinsa da silifas ɗinsa ta rufe. Ta ajiye masa su a ƙafa, ya sa.

Ya zauna a kan 'yar kujerar kicin yana fere dankalin. Hannun aski ne, ɓawon yana fita siriri kamar takarda, ba ya ɗaukar nama ko kaɗan. Ita tana yanka kabeji a gefensa.

“Amma mai farantin nan yana da ciki,” ya ce. “Wannan ai tire ne.”

“Maigida.”

“Tambaya ɗaya, ba zan ƙara ba. Yana kyautata miki?”

“Ba ya duka, ba ya zagi. Surutu ne kawai da shi.”

“To, madalla.” Ya jefa dankalin cikin ruwa. “Kifin fa? Kada a yi asararsa.”

Ta juye kifin da miyar a kwano ta leƙa baranda. “Yaya! Zo ki karɓi kuɗin kitson da na ɓata miki.”

Mai kitso ta fito da sauri, ta karɓa, ta miƙa wuya ta hango dattijon da wuƙa a hannu. “Ikon Allah. Baba, yau dankali ake yi wa aski?”

“Shi ba ya motsi, ba ya kuma cewa an rage masa gefe,” ya ce. Ta tafi tana dariya.

Da dankalin ya nuna, Siririya ta fasa ƙwai a kai, ta zuba kabejin, ta rufe na ɗan lokaci. Ta zuba masa a farin farantin, ta zuba nata a murfin tukunya. Suka ci. Ya tambaye ta wane ido aka fara yi, ta gaya masa. Ta ba shi labarin yadda Inna ta yi faɗa da nas a kan ɗankwali, ya yi dariya har ya ajiye cokali. Ba su kunna rediyo ba.

Ya cinye tas, ya sha ruwa a kofinta, don nasa ta manta shi a akwati.

“Gishiri ya ɗan yi yawa yau,” ya ce. “Alhamis ki rage.”

“To,” ta ce, ta sunkuyar da kai tana tattara kwanoni.

“Bar su. Zauna ki huta tukuna.”

Ta jingina da bango a bakin gado, wai na minti biyu. Kafin ya gama wanke hannu barci ya ɗauke ta, baki a ɗan buɗe, tsumman goge tebur yana hannunta.

Bai tashe ta ba. Ya duba murhun ya tabbatar a kashe yake, ya sa takalmansa, ya ɗauki lema. A bakin ƙofa ya ga bokitin shara ya cika da ɓawon dankali da kayan cikin kifi, ƙuda ya fara zagaye shi. Ya ƙulle bakin ledar, ya ɗauke ta da hannun hagu, ya ja ƙofar a hankali har ta kama, ya sauka da ita.