Shida da Ɗan Ɗoriya

Ranar Alhamis 'yata Samira ta dawo daga makaranta ta jefar da jaka a ƙarƙashin teburin yankan yadi, ta ce daga Litinin ta gama zuwa. Yarinyar da tun tana 'yar mitsitsiya take zana gidaje a bayan kwalin sabulu, har da bene da tagogi, wai ita za ta zana wa mutanen Kaduna inda za su zauna. Sha bakwai bisa ɗari ta ci a lissafi.

"Umma, gadonki na yi," in ji ta. "Ke ma kin ce kanki ba ya ja. Ki koya mini keken ɗinki kawai."

Wallahi sai da na ji maganar har cikin ƙirjina. Ni na sha faɗa a gabanta ina dariya, to me zan ce?

Shagona a Badarawa yake, ɗaki ɗaya, keke biyu. Ranar Asabar bayan Azahar aka ɗauke wuta, hadari ya haɗo bai zubo ba, atamfofin da na rataye suna ta lilo a hankali. Gyangyaɗi ya fara ɗibata. A irin wannan lokaci nakan ga abu guda: allon ajinmu na da, lambobi suna saukowa daga kansa a jere kamar tururuwa, su bi ta ƙarƙashin ƙofa su fice, ni kuma ina binsu da tsintsiya ban taɓa kama ko ɗaya ba. Ina cikin binsu na ji sallama.

Wata tsohuwa ce da sanda da gilashi mai kauri, ta kawo yadi da awon jikarta a takarda, tana son siket mai buɗewa kamar laima. Muryar kawai na ji na gane ta. Malama Larai! Ita ta koya mana lissafi a sakandare, ita ce ta ɗaga takardata a gaban aji ta ce, "Hansai, kanki ba na lissafi ba ne, ki nemi abin yi." Ban ƙara shekara a makarantar ba. Ita ko alamar ta san ni babu. Na ba ta kujera ina cewa a raina, yau ga ki ga abin yin.

Na duba takarda, ƙugu inci talatin da ɗaya. Na ninke yadi gida huɗu, na auna inci biyar ba kaɗan daga kusurwa, na zagaya da alli, na ɗauki almakashi.

"Dakata, 'yata," in ji ta. "Ina kika samo biyar ɗin nan?"

"Ƙugun na raba shida da ɗan ɗoriya, Hajiya."

"Wa ya ce miki shida da ɗan ɗoriya?"

Haba, tambaya sai ka ce a kotu. Na ce babu wanda ya ce mini. Yadin mutane na ɓata har sau biyu, haushi ya sa na ɗauki tef na bi kayan gidanmu, faranti, murfin tukunya, bakin bokiti, har tayar keken mijina. Kowanne in ka auna kewayensa, ka auna faɗinsa, sai ka ga kewayen ya ninka faɗin sau uku da 'yan kai. Babba da ƙarami duk haka, kamar sun haɗa baki. Ni kuma daga tsakiya nake aunawa, rabin faɗi ke nan, sai ukun ta zama shida.

Tsohuwar ta tsura wa layin allin ido. Iska ta shigo ta ɗaga gefen yadin ta ajiye. Samira, da ke zaune a kusurwa tana farke wani ɗinki, ta tsaya da reza a hannu.

"Ashirin da biyu bisa bakwai," Malama ta faɗa a hankali, kamar mai kiran sunan wanda ya daɗe da tafiya. "Shekara talatin ina rubuta shi a allo. Ban taɓa kawo ko murfin tukunya aji ba."

"Umma!" Samira ta miƙe. "Shi ne wanda na faɗi a jarrabawa! Dama abin da kike yi ke nan kullum?"

Ni ina na sani? Na juya na ce, "Malama, Hansai ce fa. Layi na uku, gefen taga. Wadda kika ce kanta ba na lissafi ba ne."

Ta cire gilashin ta daɗe tana dubana. "Ni na faɗa miki haka?"

"Ke kika faɗa."

"To ƙarya na yi miki, Hansai. Ki yafe mini."

Shekara ashirin da uku ina tanadin abin da zan gaya wa matar nan, tas na haddace shi. Sai ga ni ina share hawaye da guntun atamfar mutane. Ruwan ya sauko, kwano ya ɗauki ƙara, muka zauna mu uku babu mai jin wani. Samira ta jawo farantin da muka ci ɗanwake ta naɗa masa tef, ta rubuta, ta koma kan murfin kula.

Ranar Litinin na buɗe shago na laluba wuyana, na duba ƙusa, na duba aljihun keke, babu tef. Maƙwabciyata mai saida zare ta ce ta ga Samira da sassafe cikin kayan makaranta, tef na leƙowa daga jakarta.

Mata uku suka zo awo ranar. Na ce su yi haƙuri su dawo bayan an tashi daga makaranta.