Ƙarfe Shida Saura Kwata a Utrecht

Shekarata sittin da huɗu a Utrecht, a nan aka haife ni, amma ban taɓa hawa hasumiyar Dom ba sai da mahaifiyar surukina ta zo. Me zai kai ni? Kullum tana nan tsaye, ina hango ta daga tagar kicin. Baƙi ne ke sayen tikiti don su azabtar da gwiwoyinsu.

Zuwan nata kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurina. 'Yata Marlies, ita kaɗai gare ni, tana da cikin wata bakwai. Mijinta Duarte ɗan Portugal ne, an yi masa tayin aiki a garinsu, Braga, an ba shi mako biyu ya ba da amsa. Shi bai ƙi zama a garinmu ba. Abin da ke karya masa zuciya tsohuwarsa ce, Dona Odete, wadda ke kuka a waya duk Lahadi wai ɗanta ya rame a ƙasar mutane. Sai Marlies ta ce a kawo ta ta gani da idonta. In hankalinta ya kwanta, su zauna. In bai kwanta ba, jikata za ta koyi tafiya a wata ƙasa, ni sai dai in gani a waya.

Mijina Roelof shekara talatin da biyar ya yi yana tsara lokutan jiragen ƙasa kafin ya yi ritaya, kuma har yau bai yarda ya daina ba. Ya zauna kwana biyu ya fito da jadawali. Laraba: kofi, hasumiya, abincin rana a bakin ruwa, yawo a jirgin ruwa, kasuwa. Alhamis: gidan tarihin kayan kiɗa masu kaɗa kansu, da lambun tsohuwar majami'a. Kowane abu da mintinsa a gefe.

"Roelof," na ce, "baƙuwa ce fa, ba jirgin kaya ba."

"Ai shi ya sa na ware mata minti goma na shiga bayi," ya ce, ko murmushi bai yi ba.

Ni ma dai jadawalin ya burge ni. Na ce a raina duk wanda ya ga waɗannan abubuwa a kwana biyu ai ya san garinmu gari ne.

Ranar Laraba ƙarfe goma suka iso, ita da ɗanta, Marlies tana wurin aiki. Gajeruwar mace ce cikin baƙar riga, shekara saba'in da ɗaya, riƙe da wata jaka mai nauyi da ta hana Duarte ɗauka. Ta sumbace ni sau biyu, ni kuma na kai kumatu karo na uku kamar yadda muka saba, na tarar da iska. Ta ajiye jakar a bayan ƙofa. Na kawo kofi, na buɗe gwangwanin biskit na zagaya da shi, kowa ya ɗauki ɗaya, na rufe na mayar kan kabad. Na ga ta bi gwangwanin da ido, na ɗauka zanen jikinsa ne ya yi mata kyau. Har na sa Duarte ya gaya mata na kakata ne.

Matakala ɗari huɗu da sittin da biyar ne zuwa ƙolin hasumiyar. A ta ɗari biyu na fara zagin Roelof a ciki, a ta ɗari uku na fara yi a fili. Tsohuwar nan kuwa tana gaba, ko haki ba ta yi, wai garinsu duk tudu ne. Da muka kai sama Roelof ya shiga nune-nune: ga tashar jirgi, ga jami'a, can nesa in an ƙura ido Amsterdam ce. Ta gyaɗa kai don ladabi, ta ja rigar ɗanta ta yi masa magana.

"Tineke," Duarte ya ce mini, "wai ina gidanku yake daga nan?"

Na nuna mata.

Ta tambayi nasu gidan, shi ya nuna da kansa.

Ta dubi can, ta dubi nan, ta auna da yatsu biyu, fuskarta ta washe. Ta zuba masa magana mai tsawo.

"Ta ce ashe kusa muke. Tana tambaya sau nawa muke cin abinci a gidanku a mako."

"Lahadi ɗaya a ci, ɗaya a tsallake," na ce. "In ba su da wani abin yi, mu ma ba mu da shi. Mukan tsayar da rana tun da wuri."

Ya fassara. Ta sa ya maimaita. Daga nan ta juya tana kallon gari, ni kuwa na ji daɗi, na ce yauwa, ta fara gani.

Muka sauko bakin tsohuwar hanyar ruwa, inda ɗakunan ajiyar 'yan kasuwar zamanin da suka koma wuraren cin abinci. Aka kawo mana burodi da cuku, da kofin madara kowa ɗaya. Ta cinye, ta goge baki, ta gyara zama tana kallon ƙofar kicin. Roelof ya miƙe ya ce jirgin ruwa saura minti goma sha biyu.

A jirgin barci ta yi. Gadoji da tsofaffin gidaje duk suka wuce ta tana gyangyaɗi a kafaɗar ɗanta, Roelof yana ta kallona kamar ni na rera mata waƙa. Da muka fito ta hau titin kekuna mai jan fenti tana tafiyarta a hankali, wata budurwa ta danno tana kaɗa ƙararrawa tana ihu, "Kauce, kaka, nan ba falonki ba ne!" Roelof ya fizgo ta ta hannu. Ta yi wa yarinyar wata addu'a da yarensu, Duarte ya ce ba sai ya fassara ba.

Kasuwa ce kaɗai ta farfaɗo da ita. Roelof ya kama ɗanyen kifi ta wutsiya, ya dangwali albasa, ya ɗaga kai ya zura, ta rufe ido da hannu tana dariya. Ta ci wainar zuma mai zafi guda biyu. Sannan ta shiga rumfar kayan miya tana latsa dankali ɗaya bayan ɗaya.

"Baiwar Allah, a nan da ido ake zaɓe!" in ji mai rumfar.

Ba ta ji ba, ko da ta ji ma ba za ta fasa ba. Ta sayi dankali, albasa, tafarnuwa da ƙwai dozin. Na ce wa Roelof, "Ka gani, har ta fara zama 'yar gari."

Shida saura kwata muka iso ƙofar gidanmu, daidai da jadawali. Kowa ya san shida lokacin cin abinci ne, kuma mai hankali ba ya kaiwa wannan lokaci a gidan mutane in ba an gayyace shi tun da wuri ba. Laraba ce, ranar dunƙulen nama, tun safe na sayo guda biyu, na fere dankali huɗu na jiƙa. Roelof ya miƙa mata hannu.

"Mun ji daɗin yau ƙwarai. Gobe tara da rabi, a ƙofar gidan tarihi."

Ta riga ta sa ƙafa ɗaya a kan dakalin ƙofa. Sai na tuna da jakarta, na shiga da sauri na jawo ta, da ƙyar na ɗaga.

"Duarte, ga jakar mamanka, kada ta manta."

Bai karɓa nan da nan ba. Ya buɗe baki, ya dubi Roelof da ke duba agogo, ya rufe. Ita ce ta miƙo hannu ta karɓa, ta janye ƙafarta daga dakalin. Ta ce na gode da yarenmu, kalma ɗaya da ta koya, suka tsallaka titi zuwa wurin tsayawar bas.

Mu ba ma sauke labule, ba mu da abin ɓoyewa. Teburinmu a jikin babbar taga yake, tagar kuma tana fuskantar wurin bas ɗin. Na zuba abinci, muka zauna. Da na ɗaga kai, ga ta can tsaye, jaka a hannu ɗaya, ledar dankali a ɗaya, tana kallonmu. Bas ɗin bai zo da wuri ba. Ta ga na raba dankalin, ta ga na zuba romo, ta ga Roelof ya haƙa rami a tsakiyar nasa kamar kullum. Ya lura da ita, ya ɗaga mata cokali mai yatsu yana murmushi. Ni ma na ɗaga hannu. Muka ci gaba da cin abincinmu.

Washegari ƙarfe takwas Marlies ta kira.

"Mama, ki ce wa Baba ya soke gidan tarihin."

"Ba ta da lafiya ne? Na faɗa masa matakalan nan sun yi yawa."

"Lafiyarta ƙalau. Kin san abin da ke cikin jakar nan?"

"Ina zan sani? Ni ba na buɗe jakar mutane."

"Busasshen kifi ne, kilo uku, da man zaitun na gonar ƙaninta. Tun daga Braga ta ɗauko. A kicin ɗinki ta yi niyyar dafawa, ku tsaya tare ke da ita, mu ci mu biyar."

"To me ya hana ta faɗa? Da sai a sa rana."

"A wurinsu ba a faɗa, Mama. Shiga ake yi."

"Shi Duarte ba shi da baki?"

"Shekara shida yana koyon kada ya yi muku katsalandan. Ya koya."

Na ajiye waya raina a ɓace. Na yini ina wanke abin da ba shi da datti ina yi wa Roelof bayani, shi da bai musa ba: mun ba matar nan yini guda cur, mun hau hasumiya saboda ita, gwiwata har yanzu tana zogi, a ce duk wannan bai kai kifi ba? Barin mutum ya sarara a gidansa ai girmamawa ce. Haka uwata ta yi mini, ban mutu ba. Roelof ya ce shi dai tikitin gidan tarihin yake tausayi.

Amma tsoro ya fi fushin yawa, gaskiya ke nan. Biyar da rabi na ce masa ya ɗumama miyar da ke firij, na hau keke. Ban taɓa zuwa gidan 'yata ba tare da sanarwa ba, ko sau ɗaya. Na jingine keken, na tsaya a ƙofa, ƙamshin tafarnuwa yana fitowa har titi, ina jin dariyarsu a ciki. Na ɗaga hannu zan danna ƙararrawa, hannun ya ƙi. Shida saura minti goma, mutane na shirin cin abinci. Kafin in ankara na ciro waya na rubuta: "Ina kusa da unguwarku. Ko kuna da lokaci?" Na aika.

Ƙofa ta buɗe. Marlies ce, wayar a hannunta, cikinta a gaba. Ta dubi saƙon, ta dube ni. Na so ta yi dariya, ba ta yi ba.

"Mama, gidan 'yarki ne fa."

Dona Odete ta leƙo daga bayanta, ta kama ni ta hannun riga ta ja ni ciki, ta zaunar da ni, ta ajiye mini faranti. Ba wanda ya ƙirga komai. Kifin ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, kuma sau biyu tana ƙara mini ba ta tambaye ni ba.

Ina cikin ci Marlies ta ce, "Jiya ta tambaye ni wa zai taimaka mini in na haihu. Na ce kin ware mini kowace Talata."

"Talata guda, tun safe har yamma," na ce. "Har wasan ninkaya na bari saboda ita. Ƙawayena rabin yini suke bayarwa."

"Na faɗa mata. Sai ta ce, in yarinyar ta yi zazzaɓi ranar Alhamis fa?"

"Ai sai ki kira ni!"

"Na sani. Za ki zo kuma, na sani. Amma sai na tsaya na yi tunani ko na takura miki, yadda kika tsaya yanzu a ƙofata. Ni ma haka nake, Mama, ke kika koya mini. Ba na so in yi wannan tunanin da jaririya a hannu." Ta ajiye cokali. "Duarte ya ba masu aikin Braga amsa da rana. Ba ita ta sa shi ba, ni na ce ya karɓa."

Duarte ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ba ta san me muke cewa ba, amma ta dubi fuskata ta gane. Ta dafa mini hannu, ta bar nata a kai, ban janye ba.

Sun tashi a watan Oktoba, jikata Liesbeth tana da wata uku. Ni kuwa tun ranar da aka raɗa mata suna na bi littafin alƙawurana na rubuta sunan a kowace Talata har ƙarshen shekara, kuma da biro na rubuta, ba fensir ba.