Hannun Baba

Haruna Bahago na Ƙofar Jatau bai taɓa zama a ajin boko ba, allon ma ya riƙe shi ne har ya samu abin salla, ya ajiye. Amma duk mai ɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya ya san aikin hannunsa na hagu. Agana ta kama shi yana yaro, ta gaji ta sake shi. Sanƙarau ya kwashe sa'o'insa bakwai a unguwa ɗaya, ya bar shi tsaye. Motar kaya ta taɓa kifewa da shi a hanyar Kaduna, ya fito yana cigiyar takalminsa. Duk wannan yakan faɗa wa mutum ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Da ya haura tamanin sai yanar ido ta rufe masa gani, allura ta gagare shi. Wani da sai ya zauna yana jiran ranarsa. Shi kuwa sai ya gano hanyar shiga mafarki da hankalinsa, ba tare da barci ya sace shi ba.

Bayan azahar yakan ci abinci kaɗan, ya kwanta a tabarmar zaure, ya daina motsi. Ko ƙuda ya sauka a hancinsa ba ya kora. Sai ya riƙa ƙirga sukan allura a zuci. Can jikinsa zai yi nauyi kamar buhun dawa, kunnensa ya ɗauki ƙara irin ta injin niƙa. A nan matsorata suke zabura. Shi sai ya jira launuka su fara yawo a bayan idonsa, shuɗi da kore, har su haɗu su zama ƙofa ko bango, ya taka ya shiga. Ya san jikinsa na zaure, ya kuma san inda yake.

Ƙanwarsa Sakinatu tana Ƙofar Gayan, a ɗakin 'yarta, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye tun bara. Shi da ita kaɗai suka rage cikin 'yan ɗakinsu. Ranar Juma'a ya je duba ta, yana cikin ba ta labarin yadda ya zaga kasuwar da a mafarki, ta katse shi.

"Yaya, cika bakin nan naka ya ishe ni. Ka ce babu inda ba ka zuwa?"

"Ko ƙasan rijiya ne."

"To je ka gano mini fuskar Baba. Shekarata biyu ya rasu, hoto babu. Likita yana ta kwana-kwana, amma na san abin da jikina yake gaya mini. Ina so in san kamanninsa kafin in je in same shi."

"Wannan ne aikin? Auta, Juma'a mai zuwa har gashin girarsa zan ƙirgo miki."

Ranar Asabar ya shiga. Ya samu tsohon zaurensu, mai rufin azara, amma komai dishi-dishi, kamar yanar idon ta biyo shi har can. Ga wani mutum zaune da riga a cinya. Kafin ya matsa, mafarkin ya yage, ya tsinci kansa a tabarma.

Kwana biyu yana neman dabara, ya kuwa samu, don shi ba a banza ya tsufa ba. Da ya shiga sai ya murza tafukansa har suka yi ɗumi, ya zauna, ya zaro allura daga hularsa, ya lashi bakin zare, ya zuba wa kafar allurar ido. Zaren na shigewa sai zauren ya washe tas. Ya ga tsagar bango, ya ga tururuwa tana jan ƙwayar gero. Rabonsa da gani irin wannan shekara ashirin.

Ga Baba a gefensa, yana ɗinka aska takwas da zaren tsamiya a wuyan wata farar riga. Bahago ya ga kowane suka. Ya ga gwiwa, ya ga ƙafa da kaushinta. Ya ce bari ya ɗaga kai, wuyansa ya ƙi. Haka aka yi Talata, haka aka yi Laraba.

Ranar Alhamis ya ce shi da ya kayar da sanƙarau ba wuyansa ne zai gagare shi ba. Ya sa hannu ya tallafi haɓarsa, ya ɗaga da ƙarfi. Akwai hula, akwai wuyan riga. Tsakaninsu babu komai, fili ne fari kamar yadin da ba a zana ba. Ya murza hannu, ya sake zura zare, ya sake dubawa. Zauren ya ƙara haske, filin yana nan.

Ya farka, ya daɗe a zaune. Shi ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai" ko "wannan yaron", yana magana yana kallon bango. Shi ma tun da ya yi wayo bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba. Shekara tara suna zaune kafaɗa da kafaɗa, idonsa na kan aiki. A lokacin ana yabonsa da wannan ladabi.

Ranar Juma'a, a cikin Keke Napep, ya shirya fuska mai kyau: dogon hanci, farin gemu, ɗan wushirya. Wa zai ƙaryata shi? Duk wanda ya san Baba yana ƙasa.

Ya samu Sakinatu an jingina ta da matashi, an ɗaura mata sabon ɗankwali. Muryarta ta ƙara yin ƙasa.

"Sarkin mafarki, an dawo?"

"An dawo."

"To yaya yake?"

Ya buɗe baki da dogon hancin, sai ya ji ta riƙe numfashi tana jira. Ya rufe. Ya gyara zaman sandarsa.

"Ban gani ba, Auta."

"Me ka ce? Ƙara faɗa, kunnena bai saba jin wannan daga bakinka ba."

"Na ce ban gani ba. Na je sau biyar. Ban taɓa kallonsa ba yana raye, can ma babu abin da na tarar."

Ta yi wata 'yar dariya da rabin bakinta mai motsi.

"Ku 'yan fari dai Allah ya shirye ku. To me ka gani? Ba dai hannu biyu ka dawo mini ba."

"Hannu biyun kuwa na gani. Nasa."

"Faɗa mini."

Ya laluba ya kamo hannunta mai lafiya, ya shimfiɗa shi a tafinsa. Ya ce yatsun dogaye ne, sun fi nata. Farcen babban yatsa a tsage yake a tsakiya. A nan, gefen manuniya, akwai kanta inda zare yake bi, ta yi baƙi. In zai yanke zare ba ya neman almakashi, naɗe shi yake a ƙaramin yatsa ya fizge.

"Dama ko hagu?" in ji ta.

"Dama. Haguntar tawa ce ni kaɗai."

"A hankali, Yaya. Koma kan farcen."

Ya koma kan farcen.