Sai Na Ga Bayanka

"Maimaita abin da kika ce wa babana," in ji Yagana. Tana tsaye a bakin shagon, ta ci ɗamara da mayafi, mata uku a bayanta.

Ufedo ta ajiye mazurari. Shekararta goma sha tara a unguwar Dogo Nini tana sayar da manja da garin kwaki, tun zuwanta daga Kogi, ba a taɓa zuwar mata da irin wannan fuska ba.

"Cewa na yi sai na ga bayansa. Ban ɓoye ba."

"Kun ji da kunnenku. Laraba ta faɗa, Juma'a ya yanke jiki a hanyar masallaci. Yanzu rabin jikinsa ba ya motsi."

A kan kwata aka yi faɗan. Muhammadu Lawan, mahaifin Yagana, tsohon direban tirela da ke katanga ɗaya da ita, ya toshe kwatar ƙofarsa da buhun yashi, ruwan sama ya koma shagon ya jiƙa mata gari buhu biyu. Cikin cacar baki ya ce zai sayar da gidan ya koma gonarsa a Mamudo, ya huta da ƙaurin manja.

"Shi ya ce zai tashi," in ji Ufedo. "Na ce to, sai na ga bayanka. Wato in ga ƙeyarsa yana tafiya."

"Ƙarya kike, Maman Fortune. In aka ce za a ga bayan mutum, kabari ake nufi."

"Ke za ki koya min Hausa? Ba Barbarci kuke yi a gida ba?"

Hajaratu mai ƙosai ta sa baki daga tsallaken layi. "Ni ma na sha faɗa wa maigidana haka, ga shi can yana cin tuwo."

"Ba da ke nake ba," Yagana ta ce, ko juyawa ba ta yi ba.

Kafin kwana uku ciniki ya tsaya. Masu zuwa da kwalba suka riƙa wuce shagon, ido a ƙasa. Abin da ya fi cin Ufedo shi ne ita kanta ba ta da tabbas. Da maganar ta fito daga bakinta ran nan, tana kallon garinta ya zama kunu, ba ƙeyarsa kaɗai take hange ba.

Ranar Talata da hantsi ta ɗaura ɗankwali ta yi sallama a gidan Baba Lawan. Yagana ta kauce mata da murmushin da ba na maraba ba.

"Shigo. Gara ya faɗa a gabanki."

Yana kwance a tabarma, bakinsa ya karkace, ɗakin na warin man zafi. Mutumin da muryarsa ke kai wa ƙarshen layi ya koma kamar tsumma.

"Baba Lawan, sannu. Ya jiki?"

Ya daɗe yana kallonta da ido ɗaya. Leɓensa ya yi ta rawa.

"Maman Fortune... kin ci..."

Numfashi ya sarƙe shi, sauran maganar ba ta fito ba.

"Kun ji," Yagana ta ce a hankali, tana duban matan da ke bakin ƙofa. "Ya ce ta ci shi. Maita ce."

"Kin ci gari zai ce," in ji Ufedo. " Haka yake ce min duk ranar da na fi shi baki. Baba, ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba. Ya lumshe ido, Yagana ta nuna mata ƙofa.

Washegari kafin azahar ya cika. Ufedo tana cikin shago ta ji kukan ya tashi. Ta janyo ƙofa ta bar ɗan tsagi, ta ga maza sun fito da makara a kafaɗa, sun sha kwana wajen injin niƙa. Ta yi masa addu'a da Igala, harshen da babu mai yi mata gardama a kansa.

Ranar sadakar uku ta dafa shinkafa da miyar manja, ta zuba a kula, ta kai da kanta ta ajiye a zaure. Ba wanda ya amsa gaisuwarta. Da la'asar ta leƙa. An kwashe sauran kwanuka duka an wanke. Kularta tana nan a gefen bango, murfi a rufe, tururuwa sun yi layi suna kewaya gindinta.