Kada Kowa Ya Kunna Ta

Shayin ba na Auta ba ne, teburin kawai ke nata. Gara a faɗi wannan tun farko, domin daga baya kowa a gidan ya nemi ya gyara labarin. Yaya, babban wanta, shi ya shigo falo da safiyar Asabar da kofi cike fal, madara da sukari cokali huɗu, ya dire shi gefen kwamfutarta don ya ɗaura agogo. Matarsa kuma ta zo wucewa da tsintsiya, ƙafarta ta harɗe da wayar caja. Waya ta ja kwamfuta, kwamfuta ta bugi kofi, kofi ya kife a kan maɓallan gaba ɗaya.

Fuskar kwamfutar ta yi fari, ta yi wani layi-layi, ta ɗauke.

"Ai ba a ajiye irin wannan abu inda mutane ke wucewa," in ji Yaya, yana duba ko shayin ya taɓa masa wando.

Auta ba ta ko kalle shi ba. Da a ce tambayoyin jarrabawar 'yan ajinta ne kawai a ciki, da ta yi masifarta ta huce, ta sake rubutawa. Amma muryar Baba ce a ciki. Shekara arba'in mahaifinsu ya yi yana tuƙa babbar mota, kuma mutum ne mai baki, wanda in ya fara labarin hanya sai abinci ya huce a gaban mutane. Shekara biyu da suka wuce Auta ta riƙa zaunar da shi tana ɗaukar labaran nan, har awa talatin da ɗaya. Wata biyar da gamawa ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Yanzu abin da ke fita daga bakinsa gurnani ne da rabin kalma. Likita ta ce a riƙa sa masa tsohuwar muryarsa kullum da safe, yana ji yana ƙoƙarin bi, abin da a gidan suke kira karatu. Har maɓallin kunnawa Auta ta koya masa dannawa da hannun hagu, don ya ji shi ma yana yin wani abu da kansa.

Ba ta da wani kwafin. Ta taɓa zubawa a filashi, Yaya ya ara ya goge, ya cika shi da fina-finan dambe. Ta yi ta cewa za ta sayi wani, kuma haushin kanta a kan wannan ya fi haushin kowa ci mata rai.

Ta kira mai gyaran da ta yarda da shi, ta gaya masa abin da ya faru. Ya ce ya yi tafiya, sai Litinin zai buɗe shago.

"Malama, saurare ni da kyau. Cire caja. Buɗe ta ki kife a kan tawul, bakinta ƙasa, ki sa mata fanka. Kada ki kai ta kasuwa, za su jona mata wuta su gwada. Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya kunna ta. Ko da wasa. Ko don a ga ko ta tashi. Muddin ba a ba ta wuta ba, zan wanke sukarin in fitar miki da kayanki."

Magana ce mai sauƙi, amma ba a gidan nan ba. Kafin ta ajiye waya matar Yaya ta janyo buhun shinkafa daga kicin tana haki.

"A binne ta ciki, Auta. Wayar ƙanwata da ta faɗa bokiti haka aka yi mata."

"Ta tashi?"

"Ba ta tashi ba, amma ta bushe sarai."

Yaya kuma ya ce duk wannan tsoro ne na banza, inji in ya sha ruwa tayar da shi ake yi ya yi zafi ya ƙone ruwan da kansa. Yana faɗa yana miƙo yatsa. Auta ta buge hannun, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Ya ce lallai zamani ya zo, ƙanwa na dukan wanta a kan roba da gilashi. Da rana maƙwabciya ta shigo da na'urar busar da gashi ba wanda ya aike ta. Da la'asar Auta ta fito daga wanka ta tarar matar Yaya ta fitar da kwamfutar tsakar gida ta shanya a rana kusa da kayan wanki, har ƙudaje sun fara taruwa a kan sukarin.

"Don Allah, don Annabi, ku bar ta! Me ta yi muku? Ku bar ta kawai!"

"Daga taimako?" in ji matar Yaya, ta shige ɗaki tana ƙunƙuni.

Nan Auta ta gane cewa ba za ta iya gadin abin nan kwana biyu ba. Ɗakinta ba makulli. Falo hanya ce. Wuri ɗaya ne a gidan da ba mai shiga ya yi bincike, wato ɗakin Baba. Can ana shiga ne a sanyaye, a ajiye abinci, a ce sannu, a fito. Ta ɗauke ta ta kai, ta kife a kan akwatin ƙarfe da ke ƙarshen gadonsa, ta juya fanka wajenta. Cajar ma ta naɗe ta ajiye a gefe don kada Yaya ya gani ya samu dabara. Ta rubuta takarda da manyan baƙaƙe, KADA KOWA YA KUNNA TA, ta manna a ƙofar ɗakin ta waje, inda masu lafiya za su gani.

Baba na kwance yana bin ta da ido. Ya ɗaga haɓa wajen akwatin, ya yi gurnaninsa na tambaya.

"Ba komai, Baba. Hutawa take yi. Gobe ma hutu ne, ba karatu."

Haka ake yi a gidan. Tun ranar da likita ta ce a guji tayar masa da hankali, Yaya ya mayar da maganar doka: ba a gaya wa Baba abu marar daɗi. Da amininsa ya rasu, aka ce ya yi tafiya. Da aka sace injin ruwa, aka ce an kai gyara. Sannu a hankali aka daina gaya masa komai ma, mai daɗi da marar daɗi, ana magana a kansa yana zaune kamar ana magana a kan kujera. Auta ta sha yin faɗa a kan haka, amma ita ma bakinta ya saba.

Lahadi ta wuni tana leƙa ɗakin. Sau ɗaya kawai ta fita, ta je kantin magani karɓo na hawan jinin Baba, ta tarar da layi, ta yi awa guda da 'yan mintoci. Da ta dawo kwamfutar na nan a kife a kan tawul, ta ɗan karkace, ta ce fanka ce ta ture ta.

Litinin tun kafin mai gyara ya gama ɗaga ƙofar shagonsa tana tsaye. Shago ne ƙarami, da tebur cike da ƙananan sukurori a cikin murafun kwalba, da fitila mai dogon wuya. Ya kwance bayan kwamfutar yana mata hira, yana cewa ya ga waɗanda suka fi wannan, har wadda ta sha miya ya tayar. Da ya ɗaga murfin sai hirar ta tsaya. Ya kai hanci ya shinshina. Ya janyo fitila, ya sa gilashin ƙara girma, ya daɗe.

"Malama, wa ya kunna ta?"

"Ba wanda ya kunna."

"An kunna. Ba kunnawa kaɗai ba, an jona mata caja." Ya juyo mata da allon cikin, ya nuna da bakin sukundireba. Wani wuri ya yi baƙi kamar an ɗiga masa kwalta. "Kin ga nan? Sukari ya haɗa hanyar wuta da wadda ba ta wuta ba. Wannan ɗan baƙin da ya tsage, shi ne ma'ajiyar, inda kayanki suke. A irin wannan ƙirar manne take da allon, ba a cire ta. Wutar ta bi ta cikinta."

"To a gyara ma'ajiyar."

"Ba a gyara toka, Malama."

Ta ce ya sake dubawa. Ya sake, don ya faranta mata. Ta ce ko akwai wani a wani gari da ya fi shi kayan aiki. Ya ce akwai, kuma zai ba ta lambarsa, amma ba zai yi mata ƙarya ba, abin da zai gaya mata ke nan. Ya mayar da sukurorin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mata.

A cikin mota ba ta yi kuka ba, fushi bai bar wa kuka wuri ba. Duk hanya tana shirya abin da za ta gaya wa Yaya, tana gogewa tana ƙara masa gishiri. Ta shiga gida ko sallama ba ta yi ba. Suna falo, Yaya na shirin fita aiki, matarsa na ninke kaya, an fito da Baba an zaunar a kujerarsa ta gefen taga. Ta dire kwamfutar a teburin da ƙarfi.

"Wa ya kunna ta?"

"Ke, yi a hankali, Baba na nan," in ji Yaya, yana mata ido.

"Na ce wa ya kunna ta! Abu ɗaya na roƙa a gidan nan. Ɗaya tak! Yaya, kai ne. Tun shekaranjiya yatsanka ke ƙaiƙayi."

Ya rantse da girman Allah bai ko shiga ɗakin ba. Matarsa ta ce ita tun da aka yi mata tsawa a tsakar gida ta cire hannunta, ko gobara abin ya kama ba za ta taɓa ba. Yaya ya ce wataƙila mai gyaran ne ya ƙona ya laƙa musu. Auta ta ce ƙarya ne. Murya ta hau murya, kowa na faɗa ba mai ji, har sai da sandar Baba ta bugi ƙasa sau biyu.

Suka juya. Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya nuna ƙirjinsa. Sannan ya miƙe yatsa ɗaya ya danna a kan gwiwarsa, a hankali, yadda ta koya masa. Ya girgiza kai, alamar ba ta tashi ba. Ya kwatanta ɗaukar wayar caja da cusa ta a rami. Da ya gama sai ya kalli Auta da ɗan murmushin da rabin fuskarsa ke iya yi, irin na wanda ya taimaka yana jiran a yaba masa, ya nuna kwamfutar, ya nuna kunnensa. Kwana biyu bai yi karatu ba, yana so a sa masa.

Takardarta tana can manne a bayan ƙofa, ta gefen da bai taɓa gani ba. Ta gargaɗi wanta, ta gargaɗi matarsa, ta gargaɗi har maƙwabciya, ta bar mutum ɗaya da ke kwana da abin a ɗaki, wanda ita da kanta ta koya wa maɓallin. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ba komai, Baba," Yaya ya yi sauri ya ce. "Za a mayar da ita wajen gyara ne, wani sati za a—"

"A'a, Yaya."

Ta je ta durƙusa a gaban kujerar, ta riƙe hannun nan na hagu.

"Baba, shayi ne ya zube mata ranar Asabar. Mai gyara ya ce kada a kunna, ni kuma ban gaya maka ba. Laifina ne. Da ka kunna sai ta ƙone. Labaranka duka sun tafi, ba za su dawo ba."

Matar Yaya ta dafe ƙirji. Yaya ya matso kamar zai tare wani abu da zai faɗi. Baba bai faɗi ba. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, murmushin ya sauka daga fuskarsa, idonsa ya cika. Bakinsa ya motsa yana neman kalma, ta ƙi zuwa, ya sake nema, ta ƙi. Sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya, su ukun, ya ja wani dogon tsaki.

Tsakin ya fito cikakke, ciwon bai taɓa shi ba ko kaɗan. Shi ne dai wanda Auta da Yaya suka tashi suna ji tun suna yara, duk ranar da suka yi masa wauta. Auta ta kifa goshinta a kan gwiwarsa, sai a lokacin kukan ya zo mata.