Ƙwan Fitilar Tela

Wata malamar makaranta ta shimfiɗa rigarta a bakin ƙofar shagon Tela, inda rana ke haskawa.

"Tela, don girman Allah, zaren nan da yadin nan launinsu ɗaya?"

Tela ya buɗe baki zai yi musu, sai ya haɗiye maganar. Yadin ruwan toka ne, aikin wuyan kuwa ya tafi shuɗi-shuɗi. Ya koma da rigar ciki, ƙarƙashin fitila, suka saje tsaf. Ya sake fitowa, suka rabu. Ikon Allah!

Ba rigar ce ta fi cin ransa ba. Ranar da za a fara aikin, mahaifinsa, wanda ya koya masa riƙon almakashi, ya ɗauki zaren ya fita bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya dawo ya ce bai shiga ba. Gogan naka kuwa ya tuntsire da dariya a gaban mutane.

"Haba Baba, ga sababbin fitilu tar, sai ka fita rana? Idon ne ya tafi, ka huta kawai."

Tsohon ya ajiye zaren, ya sa takalminsa. Tun ranar bai sake taka shagon ba.

Tela ya ba malamar haƙuri, ya kwance ƙwan fitila ɗaya, ya nufi wurin mai kayan wuta da faɗansa.

"Ƙwanka maƙaryaci ne!"

Mutumin ya ɗauko kwalin irinsa ya juya. "Ka ga haruffan nan, CRI? Ma'aunin yadda ƙwai ke nuna gaskiyar launi ne. Rana ce mai ɗari, naka saba'in. Na ce maka mai ɗinki sai casa'in zuwa sama, ka ce ai haske haske ne."

Wallahi kuwa ya faɗa masa haka. Kunya ta rufe Tela, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da yamma ya sami tsohon a ɗaki yana sauraron rediyo. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye rigar da zarurruka a gabansa.

"Baba, a duba min."

"Ni? Mai mataccen ido?"

Tela ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Can ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kwashi zarurrukan.

"Taso mu je bakin ƙofa, tun rana ba ta faɗi ba."